Babur Ɗin da Ke Tari Ranar Alhamis

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, ina fatan Allah Ya sa kana cikin ni'ima a inda kake. Mu nan Zongon Lome lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba. Damina ta zauna, kwatar ƙofar gida ta cika kamar yadda ka san ta, mahaifiyarka tana fama da gwiwa, ni kuma ina fama da babur.

Mekano, wata huɗu ke nan da muka kai ka makwancinka, ban koma ba ko sau ɗaya. Dalilin wannan takarda ke nan. Na san a fili nake rubuta ta, inda jama'a ke leƙowa su karanta. Su leƙa. Wanda ya kai shekaruna, kunya ta riga ta yi masa duk ɓarnar da za ta yi.

Saboda masu leƙen, bari in faɗi abin da kai ka sani. Kai ne ɗan farina, kuma sunan mahaifina aka raɗa maka. Kunya biyu ke nan a kan mutum ɗaya. Mu haka muka taras: uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ba ya zama hira da shi. Ƙannenka sun hau wuyana, sun ja gemuna, ƙaramarku har fitsari ta yi mini a kan rigar wani da nake wa aiki. Kai kuwa daga bakin ƙofa kake durƙusawa, in amsa ina kallon keken ɗinki. Shekara arba'in da uku ban furta sunanka ba. Kana ƙarami “kai” nake ce maka. Da ka koyi gyaran babur sai Allah Ya kawo mini sauƙi, na samu Mekano, wato makaniki, na riƙe.

Tun ranar rasuwa na jingine babur ɗin a zaure, na lulluɓe shi da tsohon zane. Makon jiya na ce bari in je in gaishe ka. Na buga, na buga, sai da gwiwata ta yi ƙara kafin ya tashi, shi ma sai da na ja cok, ɗan hannun nan da ke ƙara wa inji mai in ya yi sanyi. Ina mayar da cok ya mutu. Na sake tayarwa na murɗa hannu, ya yi ta tari yana cijewa, ya harba ta salansa har kajin maƙwabta suka watse. Ban kai bakin kwalta ba na juyo ina turawa.

Za ka ce zemijan, ƴan acaɓa, sun cika titi, in tare ɗaya ya kai ni. Gaskiya ne. Amma ban taɓa zuwa wurinka a kan wani abu ba sai wannan tsohon babur, ƙafata ba ta san wata hanyar ba. Kuma ba na son ina tsaye a kanka wani yana bayana yana duba waya, yana jira in gama.

To, ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Tarin nan da babur yake yi duk ranar Alhamis, shekara tara ko goma, ni nake sa shi.

Lafiya lau nake barin Zongo. In ratsa Agowe, in sha cunkoso, in gangara har Akodesewa, inji yana tafiya kamar keken da aka sa wa mai. Sai na zo layi biyu kafin garejinka, bayan katangar nan da ake tara tsofaffin tayoyi, in tsaya kamar mai gyara hula. Akwai ɗan turnabis, wato sukundireba, na keken ɗinki a aljihuna. In sunkuya in kama sukurun iska na karbireta, in murɗa shi ciki rabi da kwata. Wanda ya yi shekara hamsin yana daidaita zaren keke ya san abin da ɗan juyi yake yi wa inji. Nan take babur zai shaƙe, ya fara baƙin hayaƙi. Sai in iso ƙofarka ina ɓata rai, in ce abin nan naka ya sake.

Ka tuna amsarka? Ba ta taɓa canzawa ba. “Subhanallahi, Baba. Zauna a inuwa mu bincika.”

Sai abokin aikinka Fo Kosi ya kakkaɓe mini benci da hularsa, ya yi mini maraba da yarensu, ya ce wezon, Papa Alhaji. Kafin in gama gyara zama shayi ya iso. Kai kuma ka durƙusa gefen babur, ka ba ni baya, ka fara magana da inji. Da inji kake magana, ni ma inji nake amsa wa. Ta haka na ji ka sayi fili a Kakaveli. Ta haka ka ji likita ya hana ni gishiri. Idon kowa yana kan karbireta, ba wanda ya karya al'ada.

Mahaifiyarka, wadda ita ma “yaron nan” take ce maka har yau, duk Alhamis sai ta ƙulle dambu a leda ta sa mini a akwatin baya. Ta kan ce, “Riƙe, ko babur zai lalace a hanya.” Ni a wautata na ɗauka tausayina take ji. Ban taɓa tambayar kaina me ya sa dambun yake isar mutum uku ba, ko me ya sa yajinsa ya fi ƙarfin cikina.

A kan bencin nan na yi karatun da ban yi niyya ba. Ka kan ce babur abu uku yake ci: wuta, mai, iska. In ya yi tari, ɗaya ya yi masa yawa ko ya yi masa kaɗan, kuma a bi su a jere, kada a yi tsalle. Ka kan kwance buji, wanda mutanen Kano ke ce wa fulogi, ka ɗaga shi a rana kamar mai duba zinariya. In bakinsa ya yi baƙi da toka, mai ya yi yawa. In ya yi fari fat, iska ta yi yawa, inji yana ƙuna. In ya yi ja-ja kamar ƙosan da ya soyu daidai, lafiya lau. Sai ka ce, “Buji ba ya rufa wa kowa asiri, Baba.” In gyaɗa kai ina kurɓar shayi, wai ni mai wayo.

Daga nan ka zare bututun mai ka ga ko yana zuba. Ka kwance ƙoƙon ƙasan karbireta ka juye a murfin gwangwani, ka nuna mini yadda ruwa ke kwanciya ƙarƙashin fetur kamar ƙwayar ido, ka yi mini faɗa a kan man kwalba na bakin titi, musamman da damina. Ka ciro soson iska ka wanke ka matse. Ka kankare hular buji, ka ce gishirin teku yana cin ƙarfen Lome ko a cikin ɗaki yake. Sai an yi awa guda, shayi ya ƙare, dambu ya ƙare, sannan ka kai hannu wajen sukurun nan kamar wanda ya tuna da shi yanzu. Juyi ɗaya, inji ya koma daidai. Ka miƙe kana goge hannu ka ce, “Tsufa ne, Baba. A riƙa kawo shi.”

Na riƙa kawo shi.

Yanzu sai ranar da nake ta kewayewa.

Da aka ce mini kwana biyar ba ka fita gareji ba, zazzaɓi ya kwantar da kai, zama ya gagare ni. Uban kirki da sai ya tafi kai tsaye, ya yi sallama ya shiga, ya zauna bakin gado ya dafa goshin ɗansa. Ni kuwa na hau babur na nufi Kakaveli, na tsaya a kwanar gidanka, na ciro turnabis. Ko Alhamis ba ce ba, Talata ce. Na aika ciki a ce maka babur ya sake.

Ka fito da zane a kafaɗa, rana tana tsakiya. Na ga wuyanka ya zama kamar na wani, na kawar da ido. Ka durƙusa a ƙasa mai zafi, har sau biyu turnabis yana zame maka. Ba ka taɓa buji ba, ba ka duba mai ba. Kai tsaye ka tafi wajen sukurun, ka mayar da shi. Sannan ka ɗago, ka dube ni ido cikin ido, abin da ba ka saba ba, ka ce, “Baba, yau ba zan iya dogon bincike ba. Ka yi haƙuri.”

Ka san abin da na ce? Na ce Allah Ya ƙara sauƙi. Ina kallon tankin mai na faɗa. Na hau na tafi, ina jin inji yana tafiya sumul, ina cewa a raina Alhamis mai zuwa ka warke.

Kwana takwas bayan nan muka yi maka salla.

Na fito da marar lafiya cikin rana saboda ciwon ƙarya na ƙarfe. Wannan shi ne abin da nake kwana da shi nake tashi da shi. Mutane suna zuwa gaisuwa suna yaba dauriyata, wai Alhaji ko hawaye bai yi ba. Ba su san na yi shekara arba'in da uku ina koyon yadda ake yin fuskar nan ba.

To, yanzu babur ya yi tarin gaske, kuma babu kai.

Na shimfiɗa buhu a zaure na bi karatunka a jere. Wuta tukuna. Na kwance buji, na jingina shi jikin inji na buga, ya ba da wuta shuɗiya tas. Na kankare hularsa duk da haka, don ka ce a riƙa yi. Na zo kan mai. Da na buɗe tanki wari ya buge ni, ba warin fetur ba, wani wari kamar na tsohon fenti. Na juye shi duka, na je gidan mai da galan na sayo sabo. Ka ga, sai da ka tafi na ji maganarka. Na wanke soson iska. Na ɗiga ɗan fetur a kan robar da ta haɗa karbireta da inji, in ji ko ƙara za ta canza, don ka ce in ta tsage ta nan iska ke satar hanya. Ba ta canza ba. Na tayar. Da cok yana rayuwa, babu cok yana mutuwa.

Na san ma'anar wannan, don ka faɗa mini ya fi a ƙirga. Babur ɗin da ya daɗe a ajiye, man cikinsa yakan bushe ya zama ƙaro, ya toshe ƙaramin jiklar, wato ƴar ƙusar tagullar nan mai rami kamar kafar allura, wadda inji ke shan mai ta cikinta in yana tsaye. Na kwance ƙoƙo na ciro ta, na ɗaga a rana, ban ga haske ba. Hannuna ya tafi wajen allurar da ke maƙale a hulata, sai na ji muryarka: “Baba, wannan ba riga ba ce. Allura tana faɗaɗa rami.” Na jiƙa ta a fetur, na zare sili ɗaya na wayar lantarki mai laushi na bi ramin a hankali, na hura. Haske ya fito.

Na mayar, na tayar. Ya yi sauƙi, amma bai daina cijewa ba.

A nan na tsaya, kwana uku. Domin abin da ya rage guda ɗaya ne. Hanyar da ta taso daga jiklar ɗin ta bi ta ƙarƙashin sukurun iska, kuma ba a wanke ta sai an zare sukurun gaba ɗaya. Sukurun nan kuwa yana nan inda ka bar shi ranar Talatar nan. Shi ne abu na ƙarshe da hannunka ya yi mini a duniya. Kayanka an raba, garejin an sa wa wani, ɗakinka an share. Abin da ya rage mini daga gare ka yadda ka bar shi, ɗan juyin sukuru ne da bai kai ƙwayar wake ba. In na zare shi na rasa shi. In ban zare ba babur ba zai kai ni wurinka ba.

Jiya da hantsi sai ga Fo Kosi, ya taso tun daga Akodesewa ya zo gaishe mu. Ya tarar da ni zaune a kan buhu, karbireta a gabana kamar kwanon tuwon da ya gagare ni. Ya ce in ba shi minti goma. Na ce a'a. Bai yi musu ba. Ya sa hannu a aljihu ya ciro ɗan turnabis ɗinka mai jan ƙota, wanda ka naɗe da baƙar roba, ya ajiye a gefena. Ya ce tun rasuwa yake yawo da shi, ya rasa yadda zai ba ni. Sannan ya hau benci, ni ina ƙasa, duniya ta juya. Ya ce kafin in taɓa sukurun in wanke kewayensa da kyau.

Na tsoma tsumma a fetur na goge baƙin mai na shekaru. Na sa tabarau. A jikin karbireta, daidai bakin ramin sukurun, na ga zane biyu da aka yi da tsinin ƙarfe. Ɗaya dogo, kuma tsagar kan sukurun tana kallonsa daidai. Ɗayan gajere, a gicciye, daidai inda tsagar ke tsayawa in an murɗa rabi da kwata.

Na daɗe ina kallonsu.

Kosi ya ce tun zuwana na biyu ka gane. Wai ka ciro buji ka ga bakinsa ja-ja, ka ce babur ɗin da ya taho daga Zongo yana shan mai haka, da bujinsa ya yi baƙi kamar gindin tukunya. Wannan tarin bai wuce layi biyu da farawa ba. Ka yi zanen ne don kada wata rana ciwon gaske ya zo ka ɗauka wasa ne, in tafi in faɗi a titi. In na iso, wai kafin ka gaishe ni idonka yana kan sukurun. In tsagar tana kan dogon zane, sai ka ce masa da Faransanci yau aiki ne. In tana kan gajere, sai ka ce, “Kosi, ɗora shayi, tsohona ya zo ganina.” Ya ce ranar Alhamis ba ka karɓar babban aiki da safe, ko wane ne ya kawo. Ya ce akwai ranar da ban zo ba saboda ruwan sama, ka yi ta fita bakin layi har azahar.

Mekano, ashe awa gudan nan da kake yi kana wanke soson da ba shi da datti, kai ma naka sukurun kake murɗawa. Ashe duk Akodesewa, har da mai shayi, har da mahaifiyarka da dambunta, ni kaɗai ne na ɗauka asirina a rufe yake. Ashe da ka ce mini ba za ka iya dogon bincike ba, ba haƙurin babur kake ba ni ba. Cewa kake ka so mu zauna, jiki ya hana. Na ji da kunnena, na amsa wa tanki.

Kukan da ban yi a gaban malamai da dattawan Zongo ba, na yi shi a gaban Kosi, da tsumman fetur a hannu. Mutumin kirki, ya juya yana karanta kalandar bango kamar bai taɓa ganin kalanda ba.

Da na natsu na ɗauki turnabis ɗinka. Tsoron ya tafi, tunda ka bar mini alama. Na murɗa sukurun ciki a hankali ina ƙirgawa har ya zauna: ɗaya da rabi. Na zare shi, na kula da ɗan sifirin ɗinsa kada ya yi tsalle, na wanke hanyar, na hura har fetur ya fito ta ɗaya gefen. Na mayar, na zaunar, na dawo da shi ɗaya da rabi. Tsagar ta tsaya a kan dogon zanenka kamar an kira ta.

Bugu ɗaya ya tashi. Na mayar da cok, bai mutu ba. Ya zauna yana bugawa a hankali, daidai, daidai, irin bugun da in ka ji kake karkata kai ka lumshe ido.

Bayan Kosi ya tafi na sake tayar da shi a zaure, na murɗa hannu ƙara ta cika gidan. A cikin ƙarar nan, inda ba mai ji, na gwada sunanka. Bakina ya yi nauyi kamar na mai koyon magana. Na sake. Sannan na ce wannan ma wani turnabis ne a aljihu, na kashe inji, na faɗe shi a fili cikin shiru. Mahaifiyarka tana wanke-wanke a tsakar gida. Na ji kwanukan sun tsaya. Ban leƙa ba. Yau da la'asar na ga ta jiƙa tsaki, ta aika a sayo zogale. Ta ce Kosi za a kai wa. Yajin dai na ji shi tun daga zaure.

Gobe Alhamis. In Allah Ya kai mu, da hantsi zan taho. Turnabis na keke yana cikin akwatin keke, inda ya kamata ya zauna tun farko. Ba zan tsaya a kwana ba. Babur lafiyarsa ƙalau, ba abin da ya same shi, ba abin da na kawo a duba. Wurinka zan zo.

Ya Allah, ga bawanKa, Ka fi ni saninsa. Ya rufa wa ubansa asiri shekara goma bai taɓa nuna ya gani ba, Ka rufa masa nasa ranar da asirai ke tonuwa. Ya tashi daga kan gadon ciwo ya durƙusa a rana don kada ubansa ya ji kunya, Ka sa shi a inuwarKa. Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka shayar da shi daga tafkin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ka ba mahaifiyarsa da iyalinsa haƙuri. Ni kuma Ka yafe mini ranar Talatar nan, Ka haɗa mu a inda uba zai zauna kusa da ɗansa ba sai da dalili ba. Amin.

Ka yafe mini, Haruna.

Haruna, ɗana.

Ni ne mahaifinka,
tsohon maɗinki na Zongo, Lome.